Gidan Ƙasa Mai Ganin Tattaɓa-kunne

Wanda ke son ya san ko magini gwani ne, kada ya tsaya kallon zanen da ke goshin zaure. Ya zagaya ta gabas da gidan a ƙarshen damina, ya dubi bangon da ke wannan ɓarin. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma ruwan a karkace yake zuwa yana marin bango tun daga Yuni har Satumba. In ka sami bangon gabas bayan marka da yaɓensa a jiki, gindinsa bai rarake ba, babu tsagar da ƙadangare zai sa kai, to wanda ya ɗora shi ya san aikinsa.

Abin da ke ba ni mamaki da wannan sana'a ke nan: magini yana aiki da abin da ruwa ke narkarwa. Jefa curin ƙasa a bokiti, kafin ka gama alwala ya zama taɓo. Amma da ƙasar nan aka gina gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki wajajen 1860, ginin da ake jingina wa fitaccen magini Babban Gwani, kuma ga shi nan a tsaye. A cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram akwai gidajen da sunansu bai shiga littafi ba, waɗanda kakan kakan mai gidan yanzu ya kwana a sorayensu. Babu siminti, babu rodi. Sanin ruwa ne ke riƙe da su: ta ina zai zo, ina zai so ya kwanta, ta wace hanya za a sallame shi kafin ya yi ɓarna.

Aikin yana farawa tun ba a ja igiyar awo ba. Tsohon magini ba ya yarda da fili don ya gan shi a bushe da rani. Zai tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi in an yi mamako, ya duba ko akwai shuri kusa, don inda shuri yake gara na nan ƙarƙashi tana jira. Tudu yake so, ko ɗan kaɗan ne. Sannan ƙasa. Rairayin jigawa ba ya kama jikinsa, yana bushewa sai ya marmashe. Baƙar lakar fadama kuwa kamun nata ya yi yawa, ta sha ruwa ta kumbura, rana ta buge ta ta tsattsage. Na tsakani ake nema, jar ƙasa mai danƙo da 'yar tsakuwa a ciki, wadda magina ke kira birji. Zai damƙi kaɗan ya jiƙa, ya murza tsakanin yatsu ya ji yawan yashinta, ya cura ya saki ya ga ko za ta tarwatse ko za ta baje. Daga nan ya san abin da za a ƙara mata.

Yawancin kududdufan da ke cikin tsohon birni, gidajen da ke kewaye da su daga cikinsu suka fito. An haƙi ƙasa an yi gini, ramin ya zama matattarar ruwan unguwa, ruwan da zai kwanta a gindin katangu ya sami inda zai gangara. Yau an cike da yawa daga cikinsu da shara an yanka filaye, shi kuwa ruwa bai san da cinikin ba. Wurinsa na da yake nema, in bai samu ba ya shiga ɗakin wani.

Lokacin gini rani ne, daga sanda aka kai amfanin gona gida zuwa kafin bazara ta yi nisa. Ana fasa birji da diga, a zuba ruwa, leburori su shiga da ƙafa suna takawa har ƙasar ta haɗe. A barbaɗa ramno, busasshiyar ciyawar nan da aka daddatse, wani lokaci da kashin doki ko na jaki, a sake takawa, a tara a tafi. Bayan kwanaki a dawo a jiƙa a kuma takawa. Ciyawar tana ruɓewa a ciki ta ƙara danƙo, zarenta kuma ya riƙe ƙasar kada ta tsage wajen bushewa. Ƙasar yaɓe ta fi kowace daɗewa a wannan tsimi, sai ta yi wari, warin ne alamar ta nuna. A nan ake fara kai ruwa rana tsakanin mai gida da magini. Mai gida yana ƙirga kwanaki da kuɗin lebura, biki ya matso, yana so a ɗora. Magini ya sa ƙafa a kwaɓin ya zare, ya ce, “Alhaji, a bar ta ta ƙara kwana.”

Tubali ba shi da ma'auni sai hannu. Mai curi yana durƙushe, ya yanko ƙasa daidai abin da hannu biyu za su ɗauka, ya buga ta a busasshen wurin da aka barbaɗa wa ƙura, ya mirgina ta gaba da baya yana danna gefe ɗaya da gindin tafi, sai ga ta da gindi mai faɗi da kai a tsuke. Ya dasa ta a rana ya yanko wata. Kafin azahar fili ya cika sahu-sahu. Sai sun yi wajen mako biyu suna shan rana sannan su hau bango. Siffar tana da dalilinta. Ana jera tubali a tsaye, tsini na kallon sama, a watsa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ƙarfi ta cike tsakaninsu ta rufe kawunansu, sahu na gaba ya zauna a kai, kowane gindi tsakanin tsini biyu. In ya bushe bangon ya zama dunƙule guda, babu miƙaƙƙen layin da tsaga za ta kama ta bi daga sama har ƙasa.

Harsashi sai an wuce ƙasar sama mai laushi an taras da mai tauri, kuma a nan bango ya fi kauri, tubali huɗu ko biyar a jere, ko fiye in bene za a ɗora. Yana hawa yana ramewa, har ya ƙare da ɗaya ko biyu a can sama. Nauyi yana ƙasa, inda ya kamata. Magini ba ya kafa katakon tsayawa. A kan bangon da yake ginawa yake zama ya raba ƙafa, yana ja da baya kaɗan-kaɗan, yaro a ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ko kallo babu. In an yi sahu biyu ko uku sai a koma wani ɓarin, a bar wannan ya sha iska, don ɗanyen bango ba ya ɗaukar kaya. Wanda aka ɗora wa da gaggawa cikinsa zai turo waje, kuma babu yaɓen da zai ɓoye wannan.

Kaurin nan shi ne sanyin ɗakin. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, rana tana dukan bango tun hantsi, amma zafin ba ya gama ratsa ƙasar sai dare, lokacin mutanen gida sun riga sun fito da tabarmi tsakar gida. Da hunturu abin ya juya, ɗumin da bango ya tara da rana shi yake saki da asuba. Har dakalin ƙofar gida, inda dattawa ke hira da la'asar, yana bakin aiki: shi ke tare gindin bango daga fallatsin ruwa da kwararar lungu da gugar awaki. Tsakar gida kuma ana karkata ta yadda ido ba zai gane ba, zuwa ga rariyar da ke fitar da ruwa waje.

Sai rufi, inda ake bambance gwani da ɗan koyo. Ƙasa tana ɗaukar nauyi in an danna ta, amma ba ta tsallaka sarari ita kaɗai, sai da itace. A ƙasar da gara ke cinye kujera ta bar mutum a tsaye, itacen da ya amsa wannan kira shi ne giginya. Ana sare wadda ta manyanta, an fi son namiji wanda ba ya 'ya'ya, a tsaga gangar jikin gida-gida, a yar da tsakiyar mai laushi a ɗauki ɓarin waje mai baƙin zare. Azara ke nan. Tana da tauri har ƙusa kan lanƙwashe a jikinta, gara ba ta son ta, kuma in ruwa bai kwanta mata ba takan fi ginin da aka sa ta a ciki daɗewa. Shi ya sa in tsohon soro ya faɗi azararsa ake fara tsincewa. Hausawa sun yi wa giginya gorin na nesa ka sha inuwarta, magini ya kawo inuwar har cikin ɗaki.

Azara tana da iyakarta. In an shimfiɗa ta daga bango zuwa bango ta ɗauki ƙasar rufi, abin da za ta tsallaka lafiya bai wuce mita 2 ba. Ya fi haka sai ta sunkuya, rufi ya yi kwari a tsakiya, ruwa ya sami wurin kwana. Duk dabarun rufin soro daga wannan iyaka suka tsiro. Akwai tauyi, inda ake turo gajerun azara daga cikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan fi ta ƙarƙashinta fitowa, har sararin ya ragu. Akwai gicciya azara a kusurwoyi huɗu, a sake gicciyawa a kan waɗancan har bakin ya rufe. Akwai ginshiƙi a tsakiya, in mai gida bai damu da kewaya shi ba.

Uban dabarun shi ne bakan gizo. Ana son zaure mai faɗin mita 7 ko 8, babu ginshiƙi, azarar da ke hannu kuwa babu wadda ta kai rabin haka. Magini zai fara tun bango bai yi nisa ba. Ya dasa damin azara a cikin bangon, a tsaye amma da 'yar karkata zuwa cikin ɗaki, ya danne gindinsu da gini. Ya yi haka a bangon da ke fuskantarsa. A bari ya bushe. Sannan ya kawo dami na biyu ya ɗora a jikin na farko, rabi ya haɗu da shi rabi ya wuce gaba, ya fi shi kwanciya kaɗan, ya ɗaure su tam da igiya, ya riƙe bayansu da wasu azarar da ke komawa cikin bango, ya lulluɓe da ƙasa. A bari ya bushe. Na uku ya fi na biyu kwanciya. Haka ƙafafun nan biyu za su yi ta rusuno wa juna daga hagu da dama, babu abin da ya tallafe su daga ƙasa, magini na zaune a kansu tsayin mutum biyu ko uku, har tazarar da ta rage ta zama wadda azara ɗaya za ta haɗe. Ranar da aka ɗora ta ƙarshen aka ɗaure, baka ya kulle. Sai a bi shi da ƙasa a shafe gaɓoɓin, abin da aka yi da miƙaƙƙun itatuwa ya fito a lanƙwashe sumul.

In bakuna biyu ko fiye suka gicciya juna a tsakiyar ɗaki, ɗaurin guga ke nan. Rufin ya kasu ƙananan gurabe waɗanda azara za ta tsallaka ba wahala, bayansa kuma ya tashi ya yi tulluwa, ruwa ya rasa inda zai tsaya. A mahaɗar, can ƙololuwa, akan manna tasa ko faranti mai ƙyalli. Babu takardar zane a duk wannan. Yawan azarar kowane dami, inda za a fara karkata, nauyin da za a danne gindi da shi don kada ƙafa ta rinjayi bango ta jawo shi ciki, duk a ka suke. Yaro yana farawa da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya kai ga curi, ya kai ga cilla tubali, ya yi shekara da shekaru kafin maigidansa ya ce masa hau. Galibi sana'ar gado ce, har da sarautarta, Sarkin Magina, mai tara su in aikin fada ko na ganuwa ya taso.

Sunan da ya fi kowane fice a wannan fage shi ne Malam Mika'ila, wanda laƙabinsa, Babban Gwani, ya danne sunan yanka. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa a birnin mai amsa sunansa. A masallacin nan ya kai bakan gizo maƙura, bakuna suna tasowa daga manyan ginshiƙai suna rabuwa suna haɗuwa. An gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Da irin ƙasar da azarar da igiyar da ake yi wa talaka ɗakin amarya ya yi wannan aiki.

A kan azara ana shimfiɗa zana, a bi da ƙasa kaɗan-kaɗan, a daddaɓe, a karkata ta zuwa inda indararo zai zauna. Shafen ƙarshe shi ne laso, kuma a nan nake ganin hikimar ta fi fitowa, don laso ragowar wasu sana'o'i ne. Daga marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, ake samo katsi, dattin da ke kwantawa a gindin ramin rini, a kwashe a cura a shanya a ƙone a daka. Daga majema ake samo gashin jima, gashin akuya da maiƙon da aka kankaro daga fata. Daga daji ake haƙo saiwar dafara, a daka a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi. In an haɗa ukun an bar su sun tsima, sai a sami abin shafe mai tauri wanda ruwa ke zamewa a kansa. Gashin yana hana shi tsagewa, maiƙon yana korar ruwa. Da shi masu rini ke shafe cikin ramukansu su riƙe ruwan baba shekara da shekaru, wato an riga an gwada shi a wuri mafi wuya kafin ya hau soro.

Bango kuma makuba ake ba shi. Mai daddawa ta ɗebe kalwa, yara sun shanye garin ɗorawa, ɓawon da ya rage shi ake dakawa a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi ko a yayyafa wa bango, fuskarsa ta ɗaure ta yi tauri. Gefen rufi ana ɗaga masa rawani, gajeren bangon da ke kewaye soro, don kada ruwa ya zubo ta ko'ina ya wanke fuskar gini. Dole ya bi ta indararo, shi kuma indararo a yi shi dogo yadda zai tofar da ruwan nesa da gindin bango. Gajeren indararo ya kashe gidaje fiye da yadda ake zato. Zankwaye, ƙahonin nan da suka zama tambarin ginin Hausa, suna ƙara nauyi a inda bango biyu suka haɗu, kuma su ke fara karɓar dukan ruwa. Zanko ya zaizaye a gyara shi da ƙasa kwando ɗaya, kusurwar da ke ƙarƙashinsa na nan lafiya.

Ƙasan ɗaki kuwa na mata ne. In za a kawo amarya, matan unguwa kan taru ranar daɓe, a baza jar ƙasa da ƙananan tsakuwa, a yayyafa ruwa, su durƙusa a sahu kowace da madaɓinta, suna bugu tare bisa amon waƙa. Ana yayyafa ruwan makuba ana sake bi, har daɓen ya yi santsi yana ɗaukar ido. Wanda ya sha hannu sosai, tsintsiya ba ta tayar masa da ƙura.

Duk da wannan, babu maginin kirkin da zai ce maka ya gama gida. Da alkawari ake karɓar gidan ƙasa. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau soro an share, an cire ciyawar da ta tsiro, an toshe tsaga, an buɗe bakin indararo da rariya. Bayan damina a duba abin da ruwa ya ci a mayar. Makuba sai an sabunta ta bayan 'yan shekaru, laso ma haka, ko da ya fi ta jimiri. Aikin yini ɗaya ne ko biyu in an yi shi a kan kari, kuma ba sai an kira gwani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gidan Rumfa, fadar Kano, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ake kwana ana tashi a cikinsa. An rushe an tayar, an yaɓe an sake yaɓewa, sarki bayan sarki, hannun gyara ne bai taɓa yankewa ba.

Tsarin gidan ma don zuriya aka yi shi. Ana farawa da katanga da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, a bar fili. Daga zaure a shiga ƙofar gida, inda samari da baƙi ke kwana, a bi ta shigifa, wadda ƙofofinta ba sa kallon juna don kada idon waje ya zarce ciki, sannan turaka da ɗakunan mata da madafa da rumbu da rijiya, makewayi can nesa da ita. Ɗa ya isa aure, a yanka masa sashe a tayar da ɗaki. Ɗakin tsohuwa ya gaji bayan ranta, a rushe shi a jiƙa ƙasar a sake cura tubali da ita. Gida yana faɗaɗa yana tsukewa tare da mutanensa. Inda abin ke lalacewa shi ne ranar da ya zama gidan gado mai magada ashirin, rabi suna Abuja da Legas, kowa yana da haƙƙi a ciki babu mai alhakin hawa soro. Da yawa daga kangayen da ake nunawa a ce ga aibin ginin ƙasa, haka suka zama kango.

Ba na cewa ginin ƙasa ba ya kisa. Kusan kowane Agusta sai mun ji ɗakin da ya rufta wa masu barci, kuma ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Zariyar nan ya faɗo wa masallata suna sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya ji ƙansu. Ginin ya haura shekara 170 a lokacin. Ko na wane gwani ne, gini yana da ranar gajiya. Amma ɗakunan da ke faɗuwa a unguwanni, sau da yawa a kwari aka yi su, ko bango siriri tun daga ƙasa, ko babu harsashi, ko maƙwabci ya toshe hanyar ruwa. Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, shafe bangon ƙasa da siminti don a huta da yaɓe. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Rana ta buga, kowane ya yi nasa motsin, siminti ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shige baya ya rasa hanyar fita, don an toshe fuskar da ƙasa ke fitar da danshi ta cikinta. Daga waje gida fes, daga ciki bango na narkewa. Ƙwanƙwasa shi ka ji yana amsawa kamar ganga. Wata rana fulastar ta ɓallo falle guda, a ga ramin da ta shekara tana ɓoyewa.

Ba gaba nake da siminti ba. A harsashi, inda danshi da gishirin ƙasa ke cin gindin bango, dutse da kankare sun fi birji, kuma rufin kwano mai faɗin baki wanda ya leƙo ya rufe bango yana ɗauke rabin wahalar yaɓe. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ce an bar ƙasa don neman ƙarko, sannan a je a sayi bulon da aka tilasta wa buhun siminti ɗaya ya haifi fiye da ƙarfinsa, wanda in ka murza gefensa da babban yatsa yashi ke zubowa, a ɗora masa kwano babu silin. Tubalin toka ne da sabon suna. Mai shi ya biya kuɗi ya sayi zafi, yana kwana a waje yana jiran a kawo wuta.

Sana'ar ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa a Nijar, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina wa garinsu masallacin Juma'a a 1962. A 1975 ya koma masa ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya tayar da hasumiyoyi huɗu waɗanda babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, aikin ya kai 1982. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Wani masallacin nasa, na Dandaji, ya tsufa har ana shawarar rushe shi, sai Mariam Kamara, mai zanen gini 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka mayar da shi ɗakin karatu, suka tayar da sabon masallaci a gefensa, aka gama a 2018. Sabon da jar ƙasar yankin aka yi shi, wadda aka matse a inji ta fito bulo mai kusurwa, da kankare a inda kankare ya dace. Da irin wannan bulon ƙasa Mariam da abokan aikinta suka gina gidajen iyali 6 masu bene a Yamai, waɗanda aka gama a 2016.

Wanda ke da fili a yau yana son bin wannan hanya, ya nemi tsohon magini tun watan Nuwamba, ya kai shi filin kafin a zana komai. Ya kuma fara cigiyar azara da wuri. Giginya tana ɗaukar gomman shekaru kafin ta isa sara, kuma a dazuzzukanta irin na Dallol Mawri, wajen Gaya a Nijar, sai da izinin ma'aikatan daji ake taɓa ta. Katsi ma, da yake ramukan rini da yawa sun mutu, sai an yi magana da masu rini tun kafin a fasa birji.